Ku Tambaya Mu Amsa: Albashi, Haya da Zafin Birni

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga matasan da suka kama aiki a Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusseri, a arewacin Kamaru, suka fito. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su. Duk kuɗin da aka ambata sefa ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 24, ina aikin lissafin kaya a wani kanti a babbar kasuwar Garwa. Ana biyana 75,000 a wata, ɗakina a Rumde Ajiya kuma 15,000 ne. Kafin 20 ga wata aljihu ya bushe, sai cin bashi. Ga Inna a ƙauye wajen Gidar tana jiran saƙo. Ba na shan taba, ba na yawon dare. Ina kuɗin nan suke shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ɗauko biro mu yi lissafin tare. Ba ka faɗa mana abin da kake kashewa a acaba da abinci ba, don haka za mu ɗora misali, kai kuma ka gyara da naka. A ce 200 zuwa, 200 dawowa, kwana 26 na aiki: 10,400 ke nan. In kana komawa gida da rana, ninka shi. A ce shayi da burodi da safe 400, abincin rana a kasuwa 600, na dare 500: 1,500 a yini, 45,000 a wata. Haɗa da haya, ka tashi da 70,400. Abin da ya rage 4,600 ne, kuma a cikinsa ake so ka biya wuta, ruwa, katin waya, sabulu, aski, gudummawar suna, ka kuma aika wa Inna. Ashe ba ɓacewa kuɗin suke yi ba, ciki ne da hanya suke cinye su.

Haya ba ta raguwa, saboda haka wurin gyara shi ne abinci. Ko na dare kaɗai ka koma dafawa, za ka ga bambanci tun watan farko. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka zauna da kowa, ka sayi abin da ba ya lalacewa: shinkafa, wake, garin masara, man gyaɗa, albasa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da busasshen kifi. Saye da kwano ya fi saye da ƙullin leda arha nesa ba kusa ba, domin mai ƙulli yana cin riba a kan kowane ƙulli. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ta daɗe a kan 6,500 a farashin hukuma, ko da yake takan ɗara haka in ta yi ƙaranci, kuma mutum ɗaya mai girki sau ɗaya a yini ba zai ƙarar da ita a wata guda ba. Nauyin yana wajen sayen tukunyar kanta a karon farko. Ka tara mata kuɗi wata 2 ko 3, kada ka ɗauke ta bashi.

Batun Inna kuwa, mun fi so ka yanke adadi guda, ko 7,000 ne ko 10,000, ka kira ta ka ce: “Inna, wannan zai riƙa zuwa duk 5 ga wata, in Allah ya yarda.” Uwa ta fi samun kwanciyar hankali da kaɗan mai tabbas a kan mai yawan da ba ta san ranarsa ba. Kuma ka tura shi a dunƙule sau ɗaya. Kowane turi da kowace cira ta Orange Money ko MTN MoMo akwai ladan kamfani, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da gwamnati ta ɗora tun 2022. Mai tura 2,000 sau biyar ya fi mai tura 10,000 sau ɗaya asara, wanda zai je cirowa a ƙauye ma ya fi shan wahala.

Kuɗin acaba na wata ka ware su daban a ambulan, kada su haɗu da na aljihu. Sannan ka sami ƙaramin littafi ka rubuta duk dalar da ta fita har kwana 30, har da goro da ruwan leda. Ba don ƙwauro ba ne. Wanda bai rubuta ba yakan ɗora laifi a kan babban abu guda, alhali ƙananan ne suka rame shi.

TAMBAYA: Ni mace ce, wata 9 ke nan ina aikin sakatariya a wani kamfani mai zaman kansa a Domayo, Marwa. Har yau maigidan aikin cewa yake ina kan gwaji. Ban sa hannu a kowace takarda ba. Albashina 80,000 ne, sai tsakiyar wata mai zuwa yake fitowa, kuma ana cire wani abu wai na CNPS, hukumar fansho da inshorar ma’aikata. Ina tsoron magana kada a kore ni.

AMSA: ’Yar’uwa, tsoronki muna fahimtarsa, aiki yana wuya a Marwa. Amma ki fara sanin inda kike tsaye, domin doka tana bayanki fiye da yadda kike zato.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce gwaji sai a rubuce, kuma duk da sabuntawa ba ya wuce wata 6, sai manyan jami’ai da ake kai nasu wata 8. In wa’adin ya cika aka ci gaba da aiki da mutum, ya zama cikakken ma’aikaci, kuma ana ƙirga masa tun daga ranar da ya fara. Ke da babu takardar gwaji ma, kuma kin yi wata 9, babu sauran zancen gwaji a kanki. Rashin takarda bai soke yarjejeniyar aiki ba, sai dai yana sa hujja ta yi wuya. Dokar ta kuma ce albashin wata ya fito cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan. Aikin ofis awa 40 ne a mako, da hutun akalla awa 24 a jere. Kowane watan aiki yana tara miki kwana ɗaya da rabi na hutu mai albashi, wato kwana 18 in kin cika shekara. Mafi ƙarancin albashi a irin ɓangarenki 60,000 ne tun 2023, ta nan kam ba a tauye ki ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne cirar CNPS. Rabon ma’aikaci kashi 4.2 cikin 100 ne, wato 3,360 a kan 80,000, sauran kuma maigidan aiki ne yake biya daga aljihunsa. Cirewa daban, zubawa daban. Ki tambaye shi lambar rajistarki cikin ladabi, ki ce kina son adana ta. Ko ya bayar ko bai bayar ba, ki ɗauki katin shaidarki ki je ofishin CNPS da kanki ki nemi a duba ko an yi miki rajista da watannin da aka zuba. Kada ki ce fansho yana nesa. Ana neman wata 180 na zubi kafin a ba mutum fansho a shekara 60, duk watan da ya faɗi kuwa ya rage miki. Kusa da haka ma, hutun haihuwa mako 14 ne, CNPS ce ke biyan kuɗinsa, kuma ba ta biyan wadda ba ta cikin littafinta.

Kafin ki ɗaga magana, ki tara hujja a gida, ba a aljihun teburin ofis ba: saƙonnin shigowar albashi a waya, hoton rajistar zuwa aiki, wasiƙun da kika buga, duk saƙon da aka umarce ki da wani aiki. Sai ki fara da lalama, baki da baki. In bai yi ba, ki rubuta wasiƙa kwafi 2, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ki riƙe. In shiru ya yi yawa, sai ofishin sufeton ƙwadago. Shi zai kira ku sulhu, ba a biyan kuɗi, kuma sai sulhun ya gagara yake ba da takardar da za a tafi kotu da ita. Haƙƙin albashi yana faɗuwa bayan shekara 3, kada a bari ya kwana da yawa.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki daina zuwa aiki don fushi, za a rubuta cewa ke kika gudu, haƙƙinki ya raunana. Kada kuma ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, musamman in an ce “ta tsari ce kawai”, don takardar ajiye aiki ma haka ake miƙo ta. Ki ce za ki tafi da ita gida ki duba.

TAMBAYA: Gidanmu na haya a Baladji, Ngaundare, ɗaki 6 ne, mita ɗaya. Ana raba kuɗin wuta daidai wa daida, kowa 4,500. Ni fanka ɗaya gare ni, ƙwan fitila 2 da cajin waya. Maƙwabciyata tana da firiza tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Yaya zan yi magana ba tare da an ce na cika ƙorafi ba?

AMSA: Malam, kada ka je da ƙorafi, ka je da lissafi. A bayan kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa da wat. Ka ninka wat ɗin da awannin aiki a yini, ka ninka da 30, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ya sha a wata. Fanka mai wat 50, awa 10 a yini: 15. Ƙwan fitila 2 masu wat 9, awa 5: bai kai 3 ba. Cajin waya bai kai 1 ba. Duka naka bai wuce 19 ba. Firiza mai wat 150 da injinta ke aiki awa 14 a yini, saboda ana ta buɗewa ana zuba ruwa mai ɗumi, ta sha 63 ita kaɗai. Kada a manta da masu sha a ɓoye: dutsen guga mai wat 1,000, rabin awa kullum, daidai yake da fankarka ta wata guda, abin dafa ruwa na lantarki kuwa ya fi haka.

Akwai wata asarar da ta shafi kowa. Farashin kilowat a gidaje hawa-hawa ne: 50 ga wanda bai wuce 110 a wata ba, 79 daga 111 zuwa 400, daga nan ya ƙara hawa. Da kai kaɗai ne a mita, da kana matakin ƙasa. Haɗuwar ɗaki 6 ce ta tura ku sama.

Mafita mai ɗorewa ita ce ƙaramar mita a bakin kowane ɗaki, ko aƙalla a ɗakin firiza. A karanta lambobin rana ɗaya duk wata, a rubuta a littafin da yake hannun mutum ɗaya, mai firiza ta biya nata, a raba saura. In babu halin saye, a yi maki: fitila 1, fanka 3, talabijin 3, firji 8, firiza 12, a raba kuɗin takarda bisa jimillar maki. A riƙa nuna wa kowa takardar wutar da idonsa. Ka fara sanar da mai gida ko dattijon gidan, shi ya tara mutane, don kada ta zama rigimarka da baiwar Allah da ke neman abincinta.

Mai haɗa mitar ya zama ma’aikacin wuta na gaske. Wayar soket mai kaurin murabba’in milimita 2.5 ce, ta fitila 1.5, in aka sa siririya a layin firiza za ta yi zafi ta narke a cikin rufi. In an ɗauke wuta, ku zare kaya daga soket, ku jira minti 5 bayan ta dawo, don dawowar ce take ƙona caja da injin firji. Za ku fi ganin ɗaukewar a ƙarshen rani, lokacin da ruwan madatsar Lagdo, wadda arewa ta daɗe tana dogaro da ita, ya ja baya.

Tunda maganar haya ce, mu ƙara da wannan: duk wata ka karɓi rasit, ko a takardar makaranta ne, da kwanan wata da sa hannu. Dokar hukunta laifuka ta 2016, sashe na 322-1, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga ɗan hayar da ke da yarjejeniya mai rajista, bashin wata 2 ya hau kansa, aka ba shi sanarwa, wata guda ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba. Ranar da aka yi musu, rasit ne zai yi maka magana.

TAMBAYA: Ina zaune a Kusseri, kullum ina tsallaka gadar Ngeli zuwa wurin aiki a Njamena. Tun shigowar bazara kaina yake ciwo da yamma, ƙafafuna suna ɗaurewa da dare. Abincin da nake tafiya da shi ma yakan canza wari kafin azahar.

AMSA: Ɗan’uwa, a watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi a wajenku yana wuce digiri 40, kuma iskar kan babur tana busar da gumi kafin ka san ka yi shi. Kana zubar da ruwa da gishiri ba ka sani ba. Ka duba fitsarinka: in ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa ya yi ƙaranci. Kada ka jira ƙishi. Ka sha kofi 2 kafin ka fita, ka riƙe gorar lita ɗaya da rabi kana kurɓa, ka sake cika ta da rana. Ranar da gumi ya yi yawa, ka haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a tula. In kana da hawan jini ko ciwon ƙoda, sai ka tambayi likita kafin ka ƙara gishiri. A watan azumi, ka rarraba shan tsakanin buɗa baki da sahur, ka rage shayi mai kauri.

Dafaffen abinci a irin wannan zafi bai kamata ya wuce awa 1 zuwa 2 a ajiye ba. Shinkafa da miyar gyaɗa su ne kan gaba wajen lalacewa, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe dafin da shinkafa ta riga ta yi. Ko dai ka zuba shi yana tururi a kula mai riƙe zafi wadda ka ɗauraye da tafasasshen ruwa, ko ka koma ga abin da zafi ba ya ci: burodi, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, kilishi.

Amma in ciwon kan ya zo da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, amai ko ruɗewa, wannan ba na ruwa ba ne. Lokacin sanƙarau ne, a tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

TAMBAYA: Na sayi babur na hannu don zuwa aiki daga Jambutu, Garwa. Ina shan man bakin titi. Yanzu yana shaƙewa, da safe sai na yi ta bugawa kafin ya tashi.

AMSA: Ƙanenmu, fara da mai. Ka ɗaga kwalbar ka kalli rana kafin a zuba: in ka ga gari a ƙasa ko wani layi ya rabu, akwai datti ko ruwa. A zuba ta mazurari da ƙyalle mai tsabta, ka kuma sa ƙaramar matatar mai a kan tiyo tsakanin tanki da kabireta. Bakanike ya kwance ƙusar gindin kabireta ya zubar da abin da ya taru, ya hure jet, wato ’yar kafar da mai ke bi a cikin kabireta. Ya ciro fulogi: in bakinsa baƙi ne da toka, iska ba ta isa, wato ƙura ta toshe matatar iska. A lokacin hunturu a wanke ta duk mako 2. Baƙin mai kuma a juye shi duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. In bayan wannan yana fitar da hayaƙi shuɗi, zoben fistan ne ya cinye, sai an buɗe inji. Ka sayi hular kwano kafin ka sayi kayan ado.

TAMBAYA: Mu 10 ne a wurin ɗinki a Yalwa, Garwa, muna so mu fara adashin 5,000 duk mako. Wanda muka yi a baya ya watse saboda wasu sun kwasa sun daina zubi. Yaya za mu tsare wannan?

AMSA: ’Yar’uwa, adashi ba ya mutuwa a farko, a tsakiya yake mutuwa, lokacin da waɗanda suka kwasa suka fi waɗanda ke jira yawa. Saboda haka tsarin kwasa shi ne komai. Sabuwar shiga da wadda ba a san gidansu ba su zama na ƙarshe. Wadda take son kwasar farko ta kawo mai tsaya mata daga cikinku, wadda kwasarta tana baya, ta yarda a cire daga nata in an sami matsala.

Ku sami littafi: sunaye a gefe, makonni 10 a sama, kowane zubi a sa hannu gaban mutum 2. Uwar adashi kada ta kwana da kuɗi. A tara 50,000 ɗin a miƙa wa mai rabo a zama ɗaya, ita ma ta sa hannu. Ku tsayar da rana da awa, ku amince tun farko kan kwana nawa za a ɗaga wa wadda rashin lafiya ko rasuwa ta sama. Ku kuma duba adadin da idon basira: 5,000 a mako ya haura 20,000 a wata. Ɗinki yana da kaka, gab da Sallah da lokacin komawa makaranta aiki ya yi yawa, bayan haka kasuwa ta kwanta. Ku auna zubin da makon da babu ciniki. In 3,000 ce kowa zai iya ba tare da bashi ba, ku tsaya a nan.

In za a riƙa turawa ta waya, mai turawa ta ɗora kuɗin cira a kai, kada mai kwasa ta karɓi guntu. Mai karɓa kuma ta duba ma’aunin asusunta, kada ta dogara da saƙo ko hoton saƙo, domin ana ƙirƙirar na bogi. Duk wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko ya ce shi ma’aikacin kamfani ne a danna wasu lambobi, a kashe wayar. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, har mai shagon cira. In kuma kuna so ku ajiye wani abu na gaggawa a gefe, ku kai shi ƙaramin bankin da ke da lasisin gwamnati da amincewar COBAC, hukumar da ke sa ido a kan bankunan Afirka ta Tsakiya, a buɗe asusun da sunan mutum 2, yadda ba za a ciri ko dala ba sai da sa hannunsu duka.